Matar da ta sake gina ɗakin bautar Banaras

 Na san kin sha gani a fim ɗin Indiya, jaruma ta tuɓe takalmi, ta kaɗa ƙararrawa, ta shiga ɗakin bauta da farantin furanni a hannu. To yau zan kai ki ɗaya daga cikin manyan wuraren nan na mabiya addinin Hindu, wato Kashi Vishwanath da ke birnin Banaras a arewacin Indiya, a bakin kogin da suke kira Ganga. Ba gangar kiɗa ba fa, sunan kogin ke nan.

Mai ziyara yakan fara da wanka a kogin, ya ɗebi ruwa a ɗan tulu, ya bi layi babu takalmi, wayarsa ma a waje zai bar ta. In ya isa ciki sai ya zuba ruwan, ko madara, a kan wani dutse da suke ɗauka alamar abin bautarsu Shiva. A imaninsu duk wanda ya mutu a Banaras ya tsira, shi ya sa tsofaffi ke ƙaura can su jira ajali.

Amma ginin da ake gani yau bai kai shekara 250 ba. A 1669 sarkin daular Mughal, Aurangzeb, ya sa aka rushe na da, aka gina masallacin Gyanvapi a wurin. Aka shafe fiye da shekara 100 a haka, sai wata mace ta zo ta gina sabo daura da masallacin, wajajen 1780. Sunanta Ahilyabai Holkar.

An haife ta a 1725, 'yar mai gari ce a wani ƙauye. Tana ƙarama aka aurar da ita ga ɗan Malhar Rao Holkar, babban jarumin yaƙi na daular Maratha. A 1754 aka kashe mijin a fagen fama. Mu nan takaba ce wata huɗu da kwana goma, a can kuwa a wancan zamani akwai al'adar sati, mace ta bi gawar mijinta cikin wuta su ƙone tare. Ahilyabai ta shirya ta shiga. Surukinta ne ya tare ta da roƙo, ya hana. Ni dai duk tarihin nan, wannan tsoho ya fi burge ni, don bai tsaya nan ba, ya ci gaba da jawo ta cikin sha'anin mulki, har in ya tafi yaƙi ita yake bar wa gari.

Ya rasu a 1766, ɗanta namiji ɗaya tilo ya bi shi a 1767. Sai ta karɓi ragama da kanta, ta mai da hedikwata garin Maheshwar, ta yi shekara 28 tana mulki har ta rasu a 1795. Kullum takan zauna ta saurari koken talakawa. Dukiyarta kuwa ta tafi a rijiyoyi, da masaukin baƙi, da matakalan sauka kogi a wuraren ziyara, har nesa da ƙasarta. Ita Banaras ɗin ma ba a ƙarƙashinta take ba.

Zinaren da ke ƙyalli a saman ginin daga baya ya zo. Sarki Ranjit Singh na Punjab ne ya bayar a 1835, shi kuma ba Hindu ba ne, mabiyin addinin Sikh ne. A 2021 gwamnatin Indiya ta buɗe faffaɗar hanya daga kogin zuwa ɗakin bautar, bayan an rushe gidaje da shaguna masu yawa, aka kafa mutum-mutumin Ahilyabai a harabar.

Masallacin yana nan, katangar ƙarfe ce tsakaninsu, ga 'yan sanda da bindigogi. Wasu 'yan Hindu sun kai ƙara suna neman filin, kuma a Janairun 2024 wata kotu ta ba su izinin yin bauta a wani ɗaki na ƙarƙashin masallacin, Musulmi kuma na salla a sama.