Tarihin Damina a Ƙasar Wurno da Raba da Goronyo

Wurno da Raba da Goronyo garuruwa ne uku na gabashin ƙasar Sakkwato, kowannensu kuwa a bakin gulbi yake. Goronyo da Wurno suna kan gulbin Rima, Goronyo ce daga sama. Raba tana kan gulbin Sakkwato, wanda ke fitowa daga wajen Funtuwa ya ratso Gusau. Gulaben nan biyu suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su nufi Argungu da Birnin Kabi, har su faɗa Kwara.

Saboda haka manomin ƙasar nan gona biyu gare shi. Akwai ta tudu, inda yake shuka gero da dawa da wake, ita kuwa ruwan da ya sauka bisa kanta shi ne ranta. Akwai kuma ta fadama, inda yake shuka shinkafa da damina, in rani ya yi ya dasa albasa da tafarnuwa. Ran fadama yana wata ƙasa, gama ruwan da ke cika Rima a ƙasar Katsina da Zamfara da Maraɗi yake sauka. Wanda duk ke son ya san tarihin garuruwan nan, lalle ne ya san tarihin damina.

Inda Ruwan Sama Ke Fitowa

Iska biyu ke yin mulki a ƙasar Hausa, kowacce da zamaninta. Ta farko ita ce ta hunturu, busasshiya mai ƙura, wadda ke fitowa daga hamada. Ta biyu tana fitowa daga kudu maso yamma, daga bahar ɗin Atlantika, ɗauke da laima. Da bazara rana takan gasa hamada fiye da yadda take gasa teku, iskar hamada ta yi zafi ta tashi sama, sai iskar teku ta kwararo arewa don ta cike gurbinta. Shigowarta ita ce faɗuwar damina. A ƙasar Sakkwato takan iso ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, lokacin marka, ta koma ƙarshen Satumba.

Mai karatu ya yiwu ya ce, ai daga gabas hadari ke tasowa. Gaskiya ne. Laima daga kudu take zuwa ta ƙasa ƙasa, amma can bisa akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ce ke koro hadari.

Abin da ke sauka a shekara galibi milimita 600 zuwa 700 ne, watau inci 24 zuwa 28. Ƙasar tana kusa da inda iskar teku ke gajiya, don haka in ta gaza kaɗan, a nan ake fara ji.

Zamanin Da

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina Wurno, ya mai da ita ribaɗi don tsaron Sakkwato daga arewa maso gabas. Ya zaɓi tudu mai duban fadama, ya zaunar da jama'a, ya kwaɗaitar da su ga noma da sana'a. A nan ya rasu cikin 1837, a nan kabarinsa yake.

Mutanen zamanin ba su da ma'aunin ruwa, amma suna da lissafi. Malamai sun raba shekara taurari 28, kowanne kwana 13, sai Jabha mai kwana 14. Bakwai daga ciki na damina ne, kamar su Haƙa'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa. Manomi yakan duba zuwan shamuwa da tohon itatuwa, wani ma ya yi binne tun ƙasa na bushe, don iri ya tashi da ruwan fari. In ruwa ya ɗauke a fita roƙon ruwa. Babban makaminsu kuwa shi ne rumbu. Magidanci na kirki ba ya taɓa hatsin bana sai na bara ya ƙare.

Kakalaba da Muda

Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903, ba da daɗewa ba aka fara auna ruwan sama ana rubutawa. Shekara 10 da zuwansu, daminar 1913 ta ƙi. Gero ya bushe a tsaye tun daga Barno har Sakkwato, aka wayi gari cikin 1914 da yunwar da Hausawa da yawa ke kira Kakalaba. Mutane suka ci ganye da 'ya'yan ciyawa, aka fasa gidajen tururuwa don neman tsaba, jama'a masu yawa suka halaka.

Bayan shekara 40 aka yi wata, wadda aka sa wa suna Muda, cikin 1953 zuwa 1954. Ita ba fari ya kawo ta ba, yawan ruwa ne. Marka ta yi tsawo, rana ta ɓuya, gero ya lalace a tudu, gulbi ya nutsar da fadama. Wannan abin a riƙe ne ƙwarai, gama ya nuna yunwa ƙofa biyu gare ta a ƙasar nan. Tana shigowa ta ƙarancin ruwa, tana kuma shigowa ta yawansa.

Shekarun Ni'ima da Shekarun Fari

Ban da wannan masifa, daga 1950 zuwa wajen 1967 an yi damuna masu albarka a jere waɗanda ba a rubuta irinsu ba cikin ƙarni na 20. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Raba, ya kuma riƙe hakimcinta daga 1934, ya yi Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har rasuwarsa cikin 1966. Mulkinsa duka ya faɗa cikin shekarun nan. Gyaɗa da auduga suka yi kyau, garkunan shanu suka ƙaru, aka share daji aka yi gonaki a wuraren da kakanni suka bar wa makiyaya. Jama'a da hukuma duka suka ɗauka haka damina take.

Daga 1968 ruwa ya soma raguwa. Daminar 1972 da ta 1973 suka ƙi ƙwarai. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka mutu, Buzaye da Adarawa suka kwararo daga Nijar suna neman abinci, gwamnatin Janar Gowon ta aiko da hatsin agaji. An ɗan sami sauƙi, sa'an nan fari ya komo cikin 1983 da 1984, ya fi na farko tsanani. In aka gwada shekarun 1970 da na 1980 da shekarun 1950, ruwan ƙasashen bakin hamada, waɗanda ake kira Sahel, ya ragu da wajen kashi 30 cikin 100. Cin rani, wanda da can aikin samari ne na wata uku ko huɗu, ya zama hanyar ciyar da gida, wasu suka tafi Ikko da Ibadan ba su komo ba.

Wa Ya Jawo Farin?

Da farko an ɗora laifin kan talaka. Cikin 1975 wani masani na Amurka, Jule Charney, ya ce yawan kiwo da saran itace sun tsiraita ƙasa, shi ya sa hadari ba ya haɗuwa. Maganar ta bazu, aka daɗe ana zargin manomi da Bafillace.

Daga baya, da aka sami kwamfuta mai ƙarfi aka gwada lissafin ruwan sama da na zafin teku, sai aka ga tushen abin yana can nesa. Cikin 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna canjin zafin tekuna ya isa ya bayyana yawancin farin. A shekarun nan arewacin Atlantika ya yi sanyi, kudancinsa da tekun Indiya suka yi ɗumi. Iskar damina kuwa wajen ɗumi take karkata, sai ta kasa hawowa arewa sosai. Daga cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun har da hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana. Saran itace yana ɓata ƙasa, ba shakka, amma ba gatarin mutumin Goronyo ne ya kori damina ba.

Madatsun Ruwa

Fari ya sa gwamnati ta ƙudura ta tsare ruwan gulabe. Cikin 1973 aka kafa hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima. Aka gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara cikin 1978. Mutanen Raba suna ƙasa da ita, don haka ruwan da ya saba malala cikin fadamarsu kowace shekara, ya bar taki da kifi, ya ragu. Shinkafa ta yi baya, masunta suka rasa kamu.

Madatsar Goronyo kuwa an gama ta cikin 1984, daidai shekarar da fari ya fi tsanani, aka buɗe ta cikin 1992. Tsawon bangonta ya fi kilomita 12, an kuma yi ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, watau durom biyar. Da ruwanta ake noman rani a Goronyo da Wurno, shi kuma birnin Sakkwato ke sha.

Damina Ta Komo da Sabon Hali

Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya soma farfaɗowa, ko da yake bai kai na zamanin Sardauna ba. Turai ta rage hayaƙin farar wuta, arewacin Atlantika ya yi ɗumi. Amma akwai wani hayaƙin da bai ragu ba, watau iskar kabon da ke fita in an ƙona kwal da man fetur da gas. Ita takan lulluɓe duniya kamar bargo ta hana zafi fita. Kafin zamanin masana'antu akwai 280 cikin kowane miliyan na iska, cikin 2024 ta wuce 420. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Wannan shi ake kira sauyin yanayi.

Abu biyu ke biyowa. Na ɗaya, duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100, sai hadari ya yi nauyi. Na biyu, hamada tana ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen kudu da ita, wannan bambanci kuwa yana ƙara wa hadari ƙarfi. Cikin 2017 wani masani na Ingila, Christopher Taylor, da abokansa suka duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka tarar manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982.

Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ruwan da da can yakan sauko kaɗan kaɗan cikin kwanaki masu yawa, yanzu yana iya saukowa cikin 'yan kwanaki kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ba ta iya shanye shi, sai ya gudu, ya kwashe taki, ya yanka kwazazzabai, ya zuba yashi cikin gulbi. Tsakanin ruwa da ruwa kuma shuka na iya ƙonewa, gama zafi ya ƙaru. Ma'auni ya ce an sami ruwa isasshe, rumbu ya ce ba a samu ba.

Madatsar Goronyo ta ga fuska biyu na wannan hali. Cikin Satumba 2010 ta cika ta batse, ruwa ya bi kwarin Rima ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da Wurno, dubban mutane suka rasa gidajensu, har hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. Bayan shekara takwas, da ranin 2018, hukumar madatsar ta ce ruwan da ya saura bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, saboda ƙarancin ruwan 2017 da yashin da ya taru a ciki. Cikin 2020 kuma ambaliya ta sake cinye shinkafa a Sakkwato da Kabi.

Abin da Tarihin Ya Koyar

Yawancin lissafin masana ya nuna ruwa zai ƙaru a tsakiyar Sahel nan gaba, ya fi ƙarfi wajen ƙarshen damina, lokacin da gero ke son rana. Watau ƙofar da Muda ta shigo ta ƙara faɗi, ta Kakalaba kuwa ba ta rufe ba.

Akwai aikin manomi a nan. Lissafin taurari yana nan daram, gama taurari ba su canja ba, amma ruwa ya daina cika musu alkawari kamar da. Ya kamata a haɗa shi da bayanin da hukumar duba yanayi ta Nijeriya ke fitarwa farkon kowace shekara, wanda ke faɗin lokacin faɗuwar damina da tsawonta, ana kuma karanta shi a rediyo da Hausa. Kada a zuba iri duka a ruwan fari. A nemi iri mai saurin nuna, kamar geron Sosat. A yi kunya a gicciye da gangare, a jera duwatsu a bakin kwazazzabo, a bar gawo da sauran itatuwan da suka tsiro a gona, don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Kada a gina gida a hanyar ruwa don an ga ta daɗe a bushe.

Akwai kuma aikin hukuma. Ita ce za ta yashe madatsa, ta gyara magudanai, ta aika wa hakimai da dagatai labari tun kafin a buɗe ƙofofin ruwa. Ita ce kuma za ta tsare rayukan manoma, gama ɓarayin daji sun hana noma a ƙauyuka da yawa na ƙasar nan, gonar da ba a je ba kuwa, ko ruwa ya yi daidai ba ta cika rumbu.

Mutanen da Sarkin Musulmi Bello ya zaunar a Wurno sun gina gidajensu a tudu, sun yi noma a fadama, sun ajiye hatsin shekara mai kyau don shekara mai wuya. Jikokinsu sun fi su bukatar wannan dabara, ga shi kuwa sun fi su kayan aiki da ilmi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare jama'a daga fari da ambaliya, amin.