Mallakar magani: mi ya sa wani magani ke da tsada, wani kuma araha?

Idan muka shiga farmasi a Maradi ko Damagaram, sau da yawa akan nuna muna magani iri biyu masu aiki ɗaya: mai sunan kamfani da tsada, sai jenerik mai sauƙin kuɗi. Mafarin bambancin shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake ce ma brebe da Faransanci.

Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani yana samun wannan takarda ta shekara 20. A tsawon lokacin ba wanda ke da izinin haɗa maganin ko saida shi sai da yardarsa. Kamfanoni na cewa da haka ne suke maida kuɗin da suka kashe wajen bincike. Matsalar ita ce, in babu abokin takara, farashi sai yadda mai kaya ya yanka.

Ƙungiyar ciniki ta duniya, OMC, ta sa wannan ƙa'ida cikin yarjejeniyar da ta fara aiki a 1995. Ba a jima ba cutar sida ta nuna illarta. Wajen shekarar 2000, maganin mutum ɗaya na shekara yakan haura dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin irinsa a dala 350. A shekarar ne kuma kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka shigar kan gwamnatin Afirka ta Kudu saboda dokarta ta sauƙaƙa farashin magani.

A Nuwamban 2001, a birnin Doha, ƙasashen OMC suka amince cewa yarjejeniyar ba ta hana gwamnati kare lafiyar jama'arta ba. Ƙasa na iya ba wani kamfani izinin haɗa magani ko da mai shi bai yarda ba, amma a biya shi wani kaso.

Ina Nijar cikin wannan magana? Muna cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda OMC ta ɗauke ma wajibcin kare mallakar magani har zuwa 2033. Sai dai takardun da suka shafe mu ƙungiyar OAPI ce ke bada su daga Yawunde, a madadin ƙasashe 17.

Abin lura: jenerik da ya bi ta hannun hukuma sinadarinsa ɗaya da na asali. Kada mu haɗa shi da maganin tebur da ake tallarsa cikin rana a kasuwa.