Daga Whot zuwa Magic: yadda aljihu ya shiga wasan karta

Duk wanda ya taɓa zama da direbobin tanka a layin Apapa ya san Whot. William Henry Storey ne ya yi mata rajista a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta, Najeriya ta riƙe ta. Kati 54 ne, kowa daga tuli ɗaya yake ja, maigida da yaron mota daidai suke. Gwaninta ita ce sanin lokacin sakin 14 a tura kowa kasuwa, da lokacin ɓoye 20.

A 1993 Richard Garfield ya fito da Magic: The Gathering a Amurka, Pokémon ta biyo baya a Japan a 1996. A nan kowa shi ke haɗa tulinsa; a Magic aƙalla kati 60. Katunan kuwa a rufaffen fakiti ake sayar da su, mai ƙarfi yana wuyar samu, sai tsada.

Iyaye, in yaro ya nemi kuɗin irin wannan kati, ku tambaye shi: tuli zai haɗa ya koyi dabara, ko fakiti zai ta saye yana jiran sa'a? Na biyun ƙanin caca ne.