Lambobin yabon tsofaffin sojoji: abin da ƙyallensu ke faɗa

A ƙasar Damagaram, daga Zinder har Magariya, Dungas da Waca, zamanin mulkin mallaka an ɗebi samari aikin sojan Faransa, galibi ta hannun sarakuna. An sa su cikin rundunar Tirailleurs sénégalais da aka kafa a 1857, ko da yake ba 'yan Senegal kaɗai ke cikinta ba. Waɗanda suka dawo sun zo da lambobin yabo, kuma kowace na da ma'anarta.

Ƙyallen da aka rataye ƙarfen da shi ya kamata a fara dubawa. Croix de guerre, mai siffar gicciye da takubba biyu, an ƙirƙiro ta a 1915 domin wanda ya nuna jarumtaka a fagen daga. In ƙyallenta kore ne mai jajayen layuka, ta yaƙin 1914 zuwa 1918 ce. In ja ne mai korayen layuka, ta yaƙin duniya na biyu ce. Mai shuɗi-shuɗi da jan gefe, wadda aka kafa a 1921, ta yaƙe-yaƙen ƙetare ce irin na Indoshin. Kowane tauraro ko reshen dabino da ke maƙale a ƙyallen, yabo ɗaya ne da aka rubuta da sunan sojan, kuma reshen dabino ya fi daraja.

Médaille coloniale ta 1893, wadda ta koma Médaille d'outre-mer a 1962, shaidar wurin aiki ce: ɗan ƙarfen da ke kanta na ɗauke da sunan yankin. Mai ƙyalle rawaya da koren gefe kuwa, Médaille militaire ta 1852, ba kowa ke samunta ba.

A tsallaken iyaka, wajen Daura da Kano, Burma Star ta Ingila ake gani, ta waɗanda suka yi yaƙin Bama.

Sai dai lamba ba ta biyan fansho. A 1959 Faransa ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai a Janairun 2011, lokacin da yawancinsu sun rasu. Iyalin da ke neman haƙƙi, littafin soja da katin tsohon soja za a tambaye su, don lambar mutum da rundunarsa a can suke rubuce.