Daga Fadama Zuwa Jakar Hannu: Yadda Aka Ƙanƙantar da Karen Fudul

A watan Fabrairun 1956, a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York, alƙalin gasar karnuka ta Westminster ya tsallake manyan karnukan farauta da na gadi, ya nuna wani ɗan farin abu da bai fi ƙosasshen zakara nauyi ba. Sunansa Wilber White Swan, wata matashiya mai suna Anne Hone Rogers ce ke riƙe da igiyarsa. Ranar ce ta farko da ƙaramin fudul, wanda Turawa ke kira toy, wato abin wasan yara, ya ɗauki kambun gasar. Duk wanda ya ga hotonsa, gashi a tashe kamar shiɓaɓɓiyar auduga, ƙafafu a aske an bar tuntu a idon sawu, zai rantse don zaman cinyar matan attajirai aka yi shi. Alhali kakanninsa a cikin taɓo suka ci abinci.

Sunan ma ya isa shaida. Jamusawa na ce masa Pudel, daga wata kalma ta mutanen arewacin ƙasarsu mai nufin facal-facal a cikin ruwa, kuma a wurinsu Ingilishi ya ara. Faransawa caniche suke cewa, daga cane, macen agwagwa. Aikinsa ke nan: maharbi ya laɓe a bakin tafki da sanyin asuba, ya harbo agwagwar daji ta faɗa can tsakiyar ruwa, karen ya tsunduma, ya yi iyo, ya ɗauko ta a baki ya kawo ba tare da ya huda ta da haƙori ba. Babban kare ne, tsayinsa ya kai gwiwar mutum ko ya ɗara. Har yau Jamus da Faransa ba su gama jayayya a kan mai shi ba. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, da aka kafa a 1911 take da mazauni a garin Thuin na Beljiyam, Faransa ta rubuta a matsayin ƙasarsa, su kuwa ƙungiyoyin Ingila da Amurka sun karkata ga Jamus. A ganina rigimar 'yan uwa ce a kan gado, domin karnukan ruwa masu murɗaɗɗen gashi, irin su barbet na Faransa, sun daɗe a fadamun Turai.

Askin nan da mutane ke yi wa dariya ma daga ruwa ya fito. Gashin fudul ba ya zuba kamar na sauran karnuka, yana ta tsiro ne, in ya jiƙe ya yi nauyi kamar bargon da aka tsoma a wanki. Sai maharba suka riƙa aske rabin jikin na baya don ƙafafu su samu sakewa wajen iyo, su bar gashi a ƙirji ya kare huhu da zuciya daga ruwan sanyi, su bar dunƙule a kan gaɓoɓi. Haka masu irin ke ba da labari, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai tuntayen da ake zagayewa da almakashi a yau har su yi kamar ƙwallo, ba maharbin da zai ɓata yininsa a kansu. Wannan aikin masu askin karnukan birnin Paris ne da magadansu.

Tun ƙarni na 17 karen ya shiga gidajen manya. A hoton kansa da mai zane Rembrandt ya yi a 1631, wanda ke gidan tarihi na Petit Palais a Paris, ga wani mai murɗaɗɗen gashi nan zaune a gaban ƙafafunsa. A yaƙin basasar Ingila kuma, Yarima Rupert, ɗan 'yar uwar Sarki Charles na Ɗaya, yana da farin fudul mai suna Boy da ke bin sa har fagen daga. Abokan gaba suka baza takardu wai karen maye ne, wai yana da maganin bindiga. Maganin bai ci ba, a yaƙin Marston Moor na 1644 aka kashe shi.

Abin da ya fara rage masa jiki shi ne basirarsa. Kare ne mai saurin ɗaukar karatu, mai son a kalle shi, sai masu wasan nishaɗi na Faransa, waɗanda ke yawo gari-gari da tantinsu da dabbobinsu, suka gane sun tsinci dami a kala. Ya yi tafiya da ƙafa biyu, ya tsallake zobe, ya sa riga ya yi rawa. Amma mai yawo da keken doki ya fi son kare mai ɗan ci, mai ɗan wuri, wanda za a iya ɗagawa da hannu ɗaya. Aka riƙa zaɓar mafi ƙanƙanta a kowace haihuwa ana haɗa su barbara. Matan birni suka gani suka so, ga shi ba ya zubar da gashi a kan kujera. Da haka aka samu matsakaicin da yau ake kira miniature, wanda har zuwa 1907 shi ne ke amsa sunan toy.

A daidai lokacin nan kiwon kare ya zama harkar rajista. An kafa Kennel Club na Ingila a 1873, na Amurka a 1884, kowanne da littafin da ake rubuta uwa da uba da kakanni, da ƙa'idar yadda kowane iri ya kamata ya kasance. Da aka fara ba da kyauta a kan awo, sai tseren ƙanƙanta ya tashi. A farkon ƙarni na 20 masu kiwo suka ce matsakaicin ma ya yi girma, suka shiga neman wanda ya fi shi ƙanƙanta, kuma suka yi gaggawa. Duk ɗan kwikwiyon da ya fito tsamurarre shi ne abin nema, ko da rashin lafiya ce ta hana shi girma. Sakamakon bai yi kyau ba: gajerun ƙafafu, dogon baya, idanu a waje, ga tsoro ga cizo. An ɗauki shekaru ana gyara, ana komawa ga lafiyayyun matsakaita ana saukowa a hankali, kafin a samu abin da ake so, wato babban fudul sak amma a ɗan ƙaramin jiki. Ƙungiyar Amurka ta amince da shi a matsayin reshe na uku na fudul a 1943, ta Ingila ta buɗe masa nasa rajista a 1957.

Ma'aunin bai zama ɗaya ba. A Amurka kada ya wuce inci 10 daga ƙasa zuwa kafaɗa, kimanin santimita 25, nauyi kuma tsakanin kilo 2 zuwa 3. A Ingila ƙasa da santimita 28. FCI ta ce daga 24 zuwa 28, kuma dubi yadda ta sa iyaka ta ƙasa, abin da ke nuna ta san inda zarmewa ke kaiwa.

Bayan nasarar White Swan sai kasuwa ta buɗe. A 1961 wata baƙar toy, Cappoquin Little Sister, ta sake cin Westminster, a hannun Anne Rogers ɗin dai. A Ingila ma irin ya ci gasar Crufts a 1966 da 1982. Daga 1960 zuwa 1982 babu karen da aka fi yi wa rajista a Amurka kamar fudul, shekara fiye da ashirin a jere. Inda kuɗi ya shiga kuwa, 'yan neman na kashewa ba sa nisa. Aka samu gonakin da ake tara karyoyi a keji suna ta haihuwa ba hutu, ba mai tambayar ko uban makaho ne ko uwar gurguwa. Yawancin cututtukan da likitocin dabbobi ke fama da su a jikin irin nan, gadonsu ake yi, kuma irin wannan kiwo ne ke yaɗa su.

Kalli ɗaya yana gudu a tsakar gida. Yana cikin tafiya sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya, ya yi ɗingishi taku biyu ko uku, ya miƙe ta, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Mai shi ya ɗauka wasa ne. Ƙoƙon gwiwa ne ya goce daga gurbinsa ya koma, kuma in abin ya yi tsanani sai an yi aiki. Buɗe bakinsa: haƙora 42 ne, daidai da na babban kare, an cusa su a muƙamuƙin da bai fi babban yatsa tsawo ba. Sukan cunkushe, wani lokaci famfara ta zo haƙoran farko su ƙi faɗuwa, datti ya taru, dasashi ya ruɓe. Maƙogwaronsa mai laushi ne, shi ya sa masu sani ke ɗaura masa igiya a ƙirji maimakon wuya. Akwai kuma ciwon idon da ke farawa da dundumi ya ƙare da makanta. An gano ƙwayar gadon da ke jawo shi a 2006, yanzu mai kiwo na kirki yakan sa a gwada uwa da uba kafin barbara. Karya takan yi kwana 63 da ciki ta haifi kamar uku, kowanne bai cika tafin hannu ba, kuma in ɗan kwikwiyo ya tsallake abinci sukarin jininsa na iya faɗuwa ya sheme. Duk da haka, wanda aka kiwata da kyau yakan shekara 14 ko fiye.

Gashin kuma ɗawainiya ce ta har abada. Tun da ba ya zuba, wanda ya mutu yakan maƙale a cikin sabo, in an kwana biyu ba a sa mataji ba ya cuɗe ya manne da fata, musamman bayan kunne da hamata. Aski duk bayan mako huɗu zuwa shida. Masu talla sukan ce wai ba ya tayar wa masu asma da atishawa da ciwonsu, amma abin da ke tayar da ciwon a yawu da ɓawon fata yake, ba a gashi kaɗai ba.

Yau cibiyar irin ta koma gabas. A Japan, inda gidajen birni ƙanana ne, fudul ne ke kan gaba a rajistar Japan Kennel Club tun 2008, mafi yawansu kuma toy ne. Abin da ya ɗaga shi a can sabon aski ne: aka daina aske fuska, aka bar gashi ya zagaye baki da kumatu, kare ya koma kamar 'yar tsanar beyar da ake saya wa yara, musamman mai launin ja. Tsohon kwaɗayin ma ya dawo da sabon suna. Ana tallar wasu da sunan teacup, wai za su shiga kofin shayi, a kan kuɗi mai tsoka. Babu babbar ƙungiyar da ta san da wannan reshe, kuskuren farkon ƙarni na 20 ne kawai ake maimaitawa da hotuna a Instagram. Hukumomi sun fara sa baki: Ingila ta hana dillalai sayar da 'yan kwikwiyo a 2020, Faransa ta hana sayar da karnuka a kantunan dabbobi daga farkon 2024.

Abin da almakashi da awo ba su taɓa ba shi ne kan. A littafinsa na 1994 a kan basirar karnuka, Farfesa Stanley Coren na Jami'ar British Columbia ya sa fudul na biyu wajen saurin koyo, bayan karen kiwon tumaki border collie. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Toy ɗin da aka mayar kayan ado, ana yawo da shi a jaka ba a barin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi ne ke zama mai haushin banza da tauna takalma, don ƙwaƙwalwar mafarauci ce aka bari ba aiki. A ƙarshen 2011, 'yan sandan jihar Tottori a Japan suka yi jarrabawar ɗaukar karnukan aiki, wadda aka saba ganin manyan karnukan Jamus na ci. Wasu toy guda biyu, Karin da Fuga, suka shiga suka haye, aka ɗauke su aiki.