Alhaji Abubakar Imam, Ɗan Kagara da Ya Riƙe Alƙalamin Arewa

Jama'a, a wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani bawan Allah na wajenmu, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam. Da yawa daga cikinmu mun karanta littattafansa a firamare, amma in ka tambaya ina aka haife shi sai a ce maka Katsina ko Zariya. To, ba haka ba ne. A Kagara aka haife shi a 1911, lokacin tana ƙarƙashin Lardin Kontagora, yau kuma tana Jihar Neja kamar Rijau. Mahaifinsa malami ne kuma alƙali, kuma a gabansa ya fara karatun allo.

Daga nan ya tafi Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927, ya gama a 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Ba sarauta ya gada ba, ba kuma dukiya ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne karatu da alƙalami.

A 1933 wani Bature, Dokta Rupert East, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Malam Abubakar ya aika da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, duka biyun kuma suna cikin littattafai 5 da aka buga. Kun ga gida ɗaya ya ba da biyu ke nan. Ganin gwanintarsa ya sa aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Shi da East kuma suka rubuta Ikon Allah, wanda ya bayyana wa talaka al'amuran halitta da kimiyya cikin harshensa.

A watan Janairu 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, shi ne kuma editanta Bahaushe na farko. Wanda ya iya karatu zai saye ta kwabo ɗaya, ya zauna a gindin bishiya yana karanta wa jama'a labarin yaƙin Hitila. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Dokta Azikiwe, har ya gana da Lugga ya gaya masa damuwar Arewa. Labarin tafiyar yana cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

Mutanen Amurka har yau suna alfahari da Binjamin Faranklin, wanda ya tashi yaron ɗab'i a shagon yayansa, ya zama mai jarida da binciken lantarki, ya kuma sa hannu a takardar 'yancin ƙasarsu a 1776. Sun sa hotonsa a takardar dala 100. To mu fa, me muka yi wa namu?

Abin baƙin ciki, a Kagaran nan ce 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a watan Fabrairu 2021 suka kwashe ɗalibai. Tsoro irin wannan kan sa uba ya cire ɗansa daga makaranta ya tura shi kasuwa. Wallahi ba mu ga laifin mai tsoro ba, amma jahilci ma ai ɓarawo ne, sai dai shi ba ya zuwa da bindiga.

Iyayenmu sun zo ƙasar nan da fatauci da almajiranci, suka zauna lafiya da Dukawa da Kambari. Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya, kowane magidanci ya nemi ko da littafi ɗaya na Imam ya ajiye a gida, yara su riƙa karanta wa iyayensu mata bayan sallar isha'i. Wanda kuma ya cire ɗansa daga makaranta, don Allah ya sake shawara. Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya ba mu zaman lafiya, amin.