Wasan Kurket a Arewacin Najeriya

A Kamarawa da sauran ƙauyukan ƙasar Isa da Sabon Birni, idan amfanin gona ya shiga rumbu aka ce za a yi wasa, kowa ya san kokawa ake nufi ko dambe, yara kuma su yi langa da ƙwallo. Kurket bai taɓa samun gindin zama a wannan dandali ba, ko da yake ya haura shekara ɗari a ƙasar Hausa.

Turawan mulkin mallaka ne suka zo da shi. Ta Ikko ya fara shiga, inda aka kara tsakanin 'yan wasan birnin da na ƙasar da yanzu ake kira Gana a 1904. A Arewa kuwa ta ƙofar makaranta ya shigo. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta ɗauki wasanni tamkar darasin aji, domin malamanta Turawa sun yi imani cewa a fili ake koyon haƙuri da biyayya ga alƙali. Ahmadu Bello, ɗan Rabah da ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya buga kurket, amma wasan da ya fi kama zuciyarsa shi ne fayif, wanda ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Da kwalejin ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, wasannin suka bi ta.

Dalilin da ya sa kurket ya maƙale a harabar makaranta ba ɓoyayye ba ne. Yana bukatar shimfiɗaɗɗen fili, da sandar bugu ta itace na musamman, da ƙwallon fata mai tauri kamar dutse, da mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Mafi darajar nau'insa kan ci kwana uku zuwa biyar, kowane ɓangare ya karɓi bugu sau biyu. Wane manomi ne zai bar shema don haka? Irin wannan gasa ta cikin gida a Afirka sai Afirka ta Kudu, wadda ta soma Kofin Currie a kakar 1889 zuwa 1890, da Zimbabuwe mai Kofin Logan. Najeriya gajeren nau'in da ake gamawa a yini guda ta riƙe.

A nan ne kuma ta fara ɗaga kai. Matasanta 'yan ƙasa da shekara 19, ƙarƙashin jagorancin Sylvester Okpe wanda ya koyi wasan a Kaduna, sun je gasar cin kofin duniya ta 2020 a Afirka ta Kudu. A Janairun 2025, 'yan matan ƙasar masu irin waɗannan shekaru suka doke New Zealand da ratar maki biyu kacal a Maleshiya.